Shekarar 1938: Tambayoyi da Amsoshi kan Waɗanda Aka Haifa, Waɗanda Suka Rasu da Abin da Ya Faru a Duniya

Ɗalibai masu nazarin tarihi da masu bin diddigin shekarun iyaye da kakanni sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya a kan wannan shekara. An tattara su a nan, an faro daga masu sauƙi. Kowace amsa za ta iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ke da alaƙa da wata an nuna.

Me ya sa ake yawan ware 1938 daga sauran shekarun da ke tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu?

Domin ita ce cikakkiyar shekara ta ƙarshe kafin yaƙi ya sake ɓarkewa a Turai. An tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya ran 11 ga Nuwamba 1918, na biyu kuma ya tashi ran 1 ga Satumba 1939, da Jamus ta auka wa Polan. A 1938 ne Hitler ya haɗiye ƙasa guda sukutum, ya yagi wani babban yanki na wata, ba tare da an yi yaƙi da shi ba.

Amma abin da jaridun lokacin suka cika shafukansu da shi ba shi kaɗai ne ya yi tasiri ba. Rijiyar mai a gabashin Saudiyya, da wani gwaji a ɗakin bincike a Berlin, da jariran da aka haifa a Kano da Kumasi da Maine-Soroa, duk ba su ja hankalin duniya ba a ranar, ga shi kuwa har yau ana cikin sakamakonsu.

Wace shekara ce a lissafin Hijira?

Ta ratsa shekaru biyu. Janairu da Fabrairu suna cikin ƙarshen 1356, sai 1357 ta kama a farkon Maris. Babbar sallah ta faɗo cikin Fabrairu, an ɗauki azumi wajen ƙarshen Oktoba, aka yi ƙaramar sallah a ƙarshen Nuwamba. Ke nan haihuwar Murtala, da farmakin da aka kai wa Yahudawan Jamus, da rasuwar Ataturk, waɗanda suka zo cikin kwana uku a jere, duk a tsakiyar watan azumi suka auku.

Takardar mahaifina ta ce an haife shi a 1938. Ta yaya zan gane ko daidai ne?

A wancan zamani ba a rubuta ranar haihuwar yawancin mutane a ƙasar Hausa. Shekarar da ke jikin takarda sau da yawa malamin makaranta ne ko ma'aikacin ofis ya ƙiyasta ta da ido. Abin da tsofaffi suka riƙe shi ne abin da ya faru a shekarar: naɗin sarki, fari, fara, zuwan wani Bature. Don haka ka tambayi dattawan gidanku da wane abu ake danganta haihuwar.

Ga ma'aunin da zai taimaka. Idan an ce shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar ce, to 1938 ɗin ce. A shekarar, Abdullahi Bayero ne Sarkin Kano, yana kan gado tun 1926. Muhammadu Dikko ne a Katsina, har zuwa 1944. Ja'afaru bai daɗe da zama Sarkin Zazzau ba, haka ma Shehun Barno Umar Sanda Kyarimi. Idan kuwa an ce ana cikin yaƙin Hitler aka haife shi, lokacin da ake ɗibar samari zuwa soja, to takardar ta ƙara masa shekaru, domin sai daga ƙarshen 1939 aka shiga wannan hali.

Yaya aka yi sauyin sarauta a Sakkwato?

Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, wanda ya hau gado a 1931 bayan Muhammadu Tambari, ya rasu a ƙarshen watan Mayu. Ran 17 ga Yuni aka naɗa ɗan ɗan'uwansa, Abubakar, wanda ke riƙe da sarautar Sardauna, ya zama Sarkin Musulmi na 17. Shekarunsa 35 a lokacin. An haife shi a Dange ran 15 ga Maris 1903, ranar da sojojin Turawa suka ci Sakkwato.

Cikin waɗanda suka nemi gadon har da Ahmadu, hakimin Rabah, saurayi mai ilimin Kwalejin Katsina. Shi da Abubakar duka tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ne. Da bai samu ba, sai aka ba shi sarautar Sardauna da Abubakar ya bari, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Tsakaninsu bai yi daɗi ba a shekarun farko, har a 1943 aka gurfanar da Sardauna a kan kuɗin jangali, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi. Daga baya suka shirya. Masu tarihi sukan tsaya a nan su yi tunani: da Ahmadu Bello ya sami rawanin a 1938, wa zai jagoranci jam'iyyar NPC, wa zai zama Firimiyan Arewa a 1954?

Abubakar na Uku ya yi shekara hamsin a kan gado, ya rasu ran 1 ga Nuwamba 1988, zamanin mulkin Babangida. 'Ya'yansa biyu, Muhammadu Maccido da Sa'ad Abubakar, sun hau gadon daga baya.

Ban da Sakkwato, me ke faruwa a Najeriya da maƙwabtanta?

Gwamna Bernard Bourdillon ne ke mulkin Najeriya daga Legas. A shekarar aka ɗauke Kwalejin Katsina aka mai da ita Kaduna. A 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. A Legas kuma ƙungiyar matasa ta NYM ta kayar da jam'iyyar Herbert Macaulay, ta cinye kujerun birnin uku a majalisar dokoki. Arewa ba ta da wakili ɗan ƙasa ko ɗaya a majalisar nan. Gwamna ne ke yi mata doka kai tsaye, kuma haka aka ci gaba har tsarin mulkin Gwamna Richards bayan yaƙi.

A Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, manoman koko sun ƙi sayar da amfaninsu tun daga ƙarshen 1937 har zuwa Afrilun 1938, saboda kamfanonin Turawa sun haɗa baki a kan farashi. Suka kuma ƙaurace wa kayan shagunansu. A Sudan an kafa ƙungiyar 'yan boko masu takardar kammala karatu a Fabrairu, Isma'il al-Azhari ne sakatarenta, shi ne kuma ya zama firaministan ƙasar na farko. Nijar tana hannun Faransa, hedikwata ta bar Damagaram ta koma Yamai tun 1926, talakawa na fama da aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946.

Su wane ne fitattun da aka haifa a 1938?

Wanda mai karatun Hausa zai fara tambaya shi ne Janar Murtala Ramat Muhammed, da aka haifa a Kano ran 8 ga Nuwamba. Ya karɓi mulki a ƙarshen Yulin 1975, ya mai da jihohi 19, ya yanke shawarar gina Abuja, aka kashe shi a Legas ran 13 ga Fabrairu 1976 a yunƙurin juyin mulkin Dimka. Duk rayuwarsa, daga haihuwa har kabari, ta shige ne cikin sarautar Abubakar na Uku da aka yi bayani a sama. A Nijar kuma akwai Tandja Mamadou, haifaffen Maine-Soroa, shugaban ƙasa daga 1999 har sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010 kan batun tazarce. Ya rasu a Nuwamban 2020.

Shekarar ta yi albarkar shugabannin Afirka. Kumasi kaɗai ta ba da biyu: Kofi Annan a Afrilu, wanda ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, da John Kufuor a Disamba, shugaban Gana daga 2001 zuwa 2009. Sai Alpha Condé na Gini a Maris, da Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya a Oktoba, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a nahiyar, da Benjamin Mkapa na Tanzaniya a Nuwamba. Ba abin mamaki ba ne idan aka duba: sun kai shekara ashirin daidai lokacin da Turawa ke naɗe tabarmarsu, guraben aiki a soja da gwamnati suka buɗe a gabansu.

A fagen fasaha akwai mawaƙi Fela Kuti, da aka haifa a Abeokuta ran 15 ga Oktoba, da marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o a farkon Janairu. Turai ma ta sami Juan Carlos na Sifaniya da Beatrix ta Holan, dukansu a Janairu, dukansu kuma sun yi sarauta sun sauka da kansu.

Manyan da suka rasu fa?

Biyu ne suka fi shafar duniyar Musulmi, kuma da wuya a sami mutum biyu da ra'ayinsu ya yi hannun riga kamar nasu. Muhammad Iqbal, mawaƙi kuma masanin falsafa da ke rubutu da Urdu da Farisanci, ya rasu a Lahore ran 21 ga Afrilu, aka binne shi kusa da babban masallacin Badshahi. Shi ne a jawabinsa na Allahabad a 1930 ya kawo shawarar Musulmin arewa maso yammacin Indiya su sami jiharsu. Bai ga kafuwar Pakistan a 1947 ba, amma can ana ɗaukarsa uban tunanin ƙasar.

Mustafa Kemal Ataturk kuwa ya rasu ran 10 ga Nuwamba da ƙarfe 9:05 na safe, a fadar Dolmabahce da ke Istanbul. Washegari majalisa ta zaɓi Ismet Inonu ya gaje shi. Shi ya kafa Jamhuriyar Turkiyya a 1923 bayan ya kori sojojin mamaya, ya soke halifanci a Maris 1924, ya rufe zawiyoyin ɗariƙu, ya hana rubuta Turkanci da haruffan Larabci a 1928. Har yau ana jayayya a kansa. Wasu na ganin shi ya ceci ƙasar daga hannun masu son rarraba ta, wasu na ganin ya raba ta da tushenta da ƙarfin tsiya. Duk wanda ya ɗauki ɓangare ɗaya kawai bai karanta rabin labarin ba.

Yaya Hitler ya sami Ostiriya da wani yanki na Cekoslobakiya ba tare da yaƙi ba?

Yarjejeniyar Versailles, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta hana haɗe Jamus da Ostiriya. Duk da haka Hitler ya matsa wa shugaban gwamnatin Ostiriya, Kurt Schuschnigg, har ya yi murabus, sojojin Jamus suka shiga ran 12 ga Maris, washegari aka shelanta haɗewar. Ƙuri'ar raba-gardamar da aka shirya a Afrilu ta ba da fiye da kashi 99 cikin ɗari, irin sakamakon da kowa ya san yadda ake samunsa. Sai dai gaskiya ne dubban mutane sun fito sun tarbe shi da murna a Biyana.

Daga nan ya juya kan Sudetenland, yankin kan iyakar Cekoslobakiya mai mutum wajen miliyan uku masu jin Jamusanci. A ƙarshen Satumba shugabanni huɗu suka zauna a birnin Munik: Hitler, da Mussolini na Italiya, da Chamberlain na Birtaniya, da Daladier na Faransa. Suka sa hannu cikin daren 29 wayewar 30 ga wata cewa a ba Jamus yankin. Wakilan Cekoslobakiya suna garin amma ba a bar su sun shiga zauren ba, kamar a raba gadon mutum yana zaune a ƙofar gida da ransa. Ba a gayyaci Tarayyar Sobiyet ba ita ma. Ƙasar ta rasa ganuwar tsaronta da masana'antu masu yawa, shugabanta Edvard Benes ya sauka, Polan da Hangari su ma suka yagi nasu rabon. A tsakiyar Maris 1939 Hitler ya shiga Prag ya kwashe abin da ya rage.

To Chamberlain wauta ya yi ke nan?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekara ashirin kacal da gama yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka, jama'ar Birtaniya da Faransa ba sa son wani. Da ya koma Landan tarbar jarumi aka yi masa. Hafsoshinsa sun gaya masa ba su shirya ba, musamman a jiragen sama. Masu kare shi suna cewa shekara gudan da ya saya ita ta ba da damar ƙera jirage da kafa na'urorin hango jiragen abokan gaba. Masu sukarsa, irin su Churchill da Duff Cooper wanda ya ajiye muƙaminsa na minista kan batun, suna cewa Jamus ta fi cin ribar shekarar, ga ta kuma ta gaji makaman Cekoslobakiya a banza.

Abin da ya fi wuyar karewa shi ne ya yarda da alkawarin Hitler, kuma da ƙasar wasu ya biya kuɗin zaman lafiyar. Amsa ta gaba za ta nuna cewa ba a Turai kaɗai aka yi irin wannan ciniki ba.

Afirka ta shiga cikin cinikin?

Ta shiga. Italiya ta mamaye Habasha a 1935 zuwa 1936, Sarki Haile Selassie yana gudun hijira a Ingila. A Afrilun 1938 Birtaniya ta ƙulla yarjejeniya da Mussolini wadda ta kai ga amincewa da mamayar, don a janye shi daga jikin Hitler. Bai janyu ba.

Na biyu, 'yan Nazi suna neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata bayan yaƙin farko: Kamaru, Togo, Tanganyika da Namibiya ta yau. A farkon Maris jakadan Birtaniya a Berlin ya kai wa Hitler tayin wani sabon tsarin rabon tsakiyar Afirka da Jamus za ta sami kaso a ciki. Hitler bai kula ba, hankalinsa na kan gabashin Turai. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin arewacin Kamarun Ingila, wato ƙasar Dikwa da sassan Adamawa irin su Mubi, tare da Lardunan Arewa ake mulkinsu. Ba wanda ya tambayi mutanen wuraren ra'ayinsu sai a ƙuri'un 1959 da 1961.

Mene ne "daren farfasa gilasai"?

Ran 7 ga Nuwamba wani saurayi Bayahude, Herschel Grynszpan, wanda aka kori iyayensa daga Jamus, ya harbi wani jami'in ofishin jakadancin Jamus a Paris. Da jami'in ya mutu ran 9 ga wata, 'yan Nazi suka fake da haka. A daren suka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadar Yahudawa, suka farfasa dubban shaguna. Hukuma ta ce mutum 91 aka kashe, masana na ganin sun fi haka nesa. Aka kwashe maza wajen 30,000 zuwa sansanonin Dachau, Buchenwald da Sachsenhausen, sannan aka ci Yahudawan tarar kuɗin Jamus biliyan ɗaya a kan ɓarnar da aka yi musu.

Wata huɗu kafin nan ƙasashe 32 sun yi taro a Evian ta Faransa kan Yahudawa 'yan gudun hijira daga Jamus da Ostiriya. Kowa ya yi jawabin tausayi, kusan kowa ya ce ba shi da wuri. Rufe ƙofofin nan ya ƙara tura mutane zuwa Falasɗinu, inda Larabawa ke tawaye ga mulkin Birtaniya tun 1936 kan batun ƙasa da shigowar baƙi. A 1938 tawayen ya kai ƙololuwa, har sai da sojojin Birtaniya suka sake ƙwato tsohon birnin Ƙudus a Oktoba, suka murƙushe shi da kisa da rushe gidaje. A Nuwamba kwamitin Woodhead ya ce shirin raba ƙasar da aka kawo a 1937 ba zai yiwu a aikace ba.

Da gaske duniya na zaman lafiya a shekarar?

A'a. Kiran ta shekarar zaman lafiya kallon Landan da Paris ne. Japan tana yaƙi da Sin tun Yulin 1937, kisan gillar Nanjin ya shigo har Janairun 1938. A Yuni sojojin jagoran Sin, Chiang Kai-shek, suka fasa madatsun Rawayan Kogi don su tare Japanawa, ruwan ya hallaka dubban ɗaruruwan manoman ƙasarsu. Wuhan da Guangzhou sun faɗi a Oktoba. A Sifaniya, inda ake yaƙin basasa, an gwabza yaƙin kogin Ebro daga Yuli zuwa Nuwamba, wanda ya karya ƙarfin 'yan jamhuriya a gaban Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi musu tawaye. A Tarayyar Sobiyet kuma Stalin na ta kashe nasa. Cikinsu har da Nikolai Bukharin, tsohon jigon jam'iyyarsa, da aka harbe a Maris bayan shari'ar je-ka-na-yi-ka.

An ce a 1938 aka gano mai a Saudiyya. Yaya abin ya kasance?

Sarki Abdul'aziz ya ba wani kamfanin Amurka daga Kalifoniya izinin neman mai a 1933, lokacin da baitulmalinsa ya dogara da abin da ake samu daga alhazai, su kuma sun ragu ƙwarai saboda karyewar tattalin arzikin duniya. Alhazan ƙasar Hausa na lokacin galibi ta ƙasa suke bi, su ratsa Cadi da Sudan, su yi shekaru a hanya suna aiki suna tara guzuri. An haƙa rijiyoyi shida a Dammam ba a sami abin kirki ba. Masanin duwatsu Max Steineke ya dage a ƙara nitsawa, sai ran 3 ga Maris rijiya ta bakwai ta kawo mai mai yawa a zurfin wajen mita 1,440. Jirgin dakon mai na farko ya tashi daga Ras Tanura a Mayun 1939, kamfanin kuma ya koma Aramco a 1944.

Shekarar mai ce ta ko'ina. An gano filin Burgan na Kuwaiti a Fabrairu. Ran 18 ga Maris shugaban Meziko Lazaro Cardenas ya ƙwace kadarorin kamfanonin mai na waje ya mai da su na ƙasa. A Najeriya ma kamfanin Shell D'Arcy na riƙe da izinin bincike a wannan tsakanin, amma sai 1956 aka dace a Oloibiri.

Mece ce alaƙar shekarar da makamin nukiliya?

A Disamba, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka yi gwaji da yuraniyom a Berlin, suka sami sakamakon da ya ɗaure musu kai. Abokiyar aikinsu Lise Meitner ce, tare da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch, ta warware shi: ƙwayar zarrar ce ta tsage biyu, tana sakin ƙarfi mai yawan gaske. Daga Suwidin ta yi wannan lissafi, domin asalinta Bayahudiyar Ostiriya ce, haɗewar da aka ambata a sama ta raba ta da kariyar fasfonta, ta tsere a Yuli. Hahn shi kaɗai aka ba kyautar Nobel a kan aikin. Masanin kimiyyar Italiya Enrico Fermi shi ma ya karɓi tasa kyautar a Disamban nan ya zarce Amurka, saboda sabbin dokokin wariyar Mussolini sun shafi matarsa. Ba a cika shekara bakwai ba aka jefa bam a Hiroshima, kuma yawancin yuraniyom ɗin da shirin Amurka ya fara aiki da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi.

A fagen wasanni fa?

Faransa ta karɓi gasar cin kofin duniya, Italiya ta doke Hangari da ci 4 da 2 ran 19 ga Yuni, ta riƙe kofinta. Ostiriya ta cancanci zuwa amma kafin a fara babu ita a taswira. Ba ƙasar Afirka ko ɗaya, kuma ba a sake gasar ba sai 1950. Kwana uku bayan wasan ƙarshe, ɗan damben Amurka baƙar fata Joe Louis ya kayar da Bajamushe Max Schmeling a zagayen farko a New York, cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Ta wace hanya labaran nan ke isowa ƙasar Hausa a lokacin?

A hankali, kuma ta bakin mutane: fatake, alhazai masu dawowa, ma'aikatan jirgin ƙasa, malaman En'e da ke jin abin da Turawa ke faɗa. Akwatin rediyo sai gidan wane da wane. BBC ta buɗe sashenta na farko na harshen waje, wato Larabci, ran 3 ga Janairu 1938, don ta mayar da martani ga farfagandar da gidan rediyon Italiya na Bari ke watsa wa Larabawa. Sashen Hausa sai a Maris 1957 ya zo. Masu Turanci a kudu suna da jaridar da Azikiwe ya kafa a Legas a ƙarshen 1937. A Arewa kuwa jita-jita ta yi yawa, har da ta cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, batun da aka taɓo a amsar cinikin Afirka. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukuma ta shirya jaridar Hausa a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, ana sayar da ita kwabo ɗaya.